Ruwan da Na'urarmu Ba Ta Ƙirga Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran wayar hannu a wani ɗan shago kafin a ɗauke ni koyarwa, kuma a shekarun nan babu abin da na tsana kamar ruwa. Cikin waya goma da za a kawo mini, huɗu ruwa ne ya kashe su. Mutum zai rantse maka wayarsa ba ta taɓa ganin ruwa ba, kana buɗe ta ka tarar da cikinta har ya yi kore. Da wannan ƙiyayyar na shiga makarantar sakandare a matsayin malamin kwamfuta, da ita da bakina, wanda matata take cewa kullum yana riga hankalina tashi daga barci.

Ɗakin da aka ba ni yana ƙarshen baranda, dab da matakalar bene. Tebur shida ne a ciki da kwamfuta tara, uku daga cikinsu sai an lallaɓa suke kamawa. Yara sun gaji da koyon yadda ake buɗe shafi a rufe, ni ma na gaji da koya musu. Shi ya sa da zango na uku ya shigo, damina ta kusa, na ce wa 'yan aji huɗu za mu haɗa na'urar auna yanayi da hannunmu, ta riƙa faɗa mana zafin rana, da laimar iska, da gudunta, da yawan ruwan da ya sauka. Su za su liƙa wayoyin da dalma, su za su rubuta mata umarnin da za ta bi, abin da suke kira kodin. Ina da wata manufar kuma. A ƙarshen wannan zangon ne kowane ɗan aji huɗu yake cike fom ya zaɓi darussan da zai ci gaba da su, kuma wanda ya bar kwamfuta ya bar ta ke nan, ba a dawowa. Ina so in ga ko akwai waɗanda za su zauna.

Ranar da na buɗe kwalin kayan, wani yaro da ake ce wa Rediyo saboda bakinsa ba ya mutuwa ya shigo da gorar ruwa a hannu, ya dangwarar da ita a kan tebur, ɗan yatsa biyu tsakaninta da allon lantarkin da shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Allon nan bai fi tafin hannu ba, kuma shi kaɗai muke da shi. Na daka masa tsawar da sai da gilashin taga ya amsa. Na ce ɗigon ruwa ɗaya ya taɓa allon nan ya mutu, kuma babu wani, duk wanda ya jiƙa mini shi ni da shi ne. Har Inna mai shara, tsohuwar da take share mana baranda, sai da ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiyarta tana kallona. Na ce mata ba komai, ta ci gaba da aikinta.

Na raba su rukuni huɗu. 'Yan zafi da 'yan laima aikinsu da sauƙi, 'yar na'ura ce a saye, a jona waya uku a rubuta layi goma. 'Yan auna iska suka yanka ƙwallayen roba gida biyu suka yi farfela. Ruwa ne kowa ya guje wa, don shi sai an ƙera ma'auninsa tun daga tushe. Da na ce wa zai ɗauka, ajin ya yi tsit, har Rediyo. Can daga gefen taga wata yarinya ta ɗaga hannu rabi, irin ɗagawar da in ba ka lura ba za ka ce gyara mayafi take yi. 'Yar Tela ake ce mata, mahaifinta yana da shagon ɗinki a bakin titin da ke bayan makaranta. Kafin ranar nan, a gaskiya, ban san muryarta ba.

Ma'aunin ruwa abu ne mai sauƙin faɗa. Mazurari ne a sama, ƙarƙashinsa wani ɗan cokali mai baki biyu a kan ƙusa. Baki ɗaya ya cika sai ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya taso ya karɓa. A jikin cokalin akwai ɗan maganaɗisu, duk sanda ya gifta ta gaban wani ɗan makunni sai allo ya ƙirga ɗaya. Faɗarsa ke da sauƙi, yinsa kuwa sai wanda ya gwada. Mako biyu yarinyar nan tana yanka roba tana zubarwa. Ta zo da tsohon tef ɗin awon babanta, komai sai ta auna sau biyu kafin ta sa reza. Ta samo sirinji, tana ɗiga ruwa a bakin famfo, nesa da allona, har sai da bakunan biyu suka riƙa rinjaya a kan awo ɗaya.

Da aka jona, sai na'urar ta riƙa ƙirga uku ko huɗu a duk rinjaye ɗaya. Na san dalilin, makunnin ne yake rawa kafin ya zauna, amma na yi shiru in ga abin da za ta yi. Kwana biyu tana zaune gaban kwamfuta tana kaɗa cokalin da yatsa tana kallon lambobi. A rana ta uku ta ƙara layi biyu, ta ce wa allon in ya ƙirga ɗaya ya ɗan jira kafin ya sake saurare. Babu wanda ya nuna mata. Na tsaya a bayanta ina karantawa, daɗi ya cika ni, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, “To, ba laifi.” Yabo yana yi mini nauyi a baki, faɗa ne ba ya yi.

Muka rufe allon da batirinsa a cikin akwatin roba mai murfi, muka toshe kowace kafa da gam. 'Yar na'urar zafi muka yi mata rumfa da fararen farantan roba a kife. Kafintan makaranta ya yi mana mazauni mai ƙafa uku, tsayinsa ya kai ƙirjina, muka kafa a filin da ke bayan ɗakinmu, tsakanin famfo da igiyar shanya ta Inna, wadda ɗakinta yake can ƙarshen filin. Duk minti goma na'urar tana rubuta layi ɗaya a ɗan katin memori: lokaci, zafi, laima, iska, ruwa. Kullum da safe rukuni ɗaya ya je ya ciro, mu karanta tare. Yaran da a da sai na yi musu tsawa suke shiga ɗakina, yanzu sai na kore su suke fita. Saura ruwa kawai muke jira.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata, bayan an tashi, wajen la'asar. Ruwa ne na kirki, har kwata ta cika a layinmu. Washegari tun kafin a buga ƙararrawa yara sun cika baranda. Aka sa memori, na gangara da idona kan layin ruwa. Sifili, sifili, sifili, har ƙasa. Na ce wataƙila ganye ne ya toshe mazurari. Muka je muka duba, babu ganye, muka zuba ruwa da kofi, cokali ya rinjaya, na'ura ta ƙirga lafiya lau.

Ruwa na biyu ya zo ranar Asabar da yamma, na uku ranar Litinin bayan an tashi. Duk sifili. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma, ba layin ruwa kaɗai ba ne. Duk sanda aka yi ruwa, iska sai ta koma sifili, alhali an yi iskar da ta yaye kwanon wani gida a unguwarmu. Zafi ya tsaya a ashirin da takwas, laima ta tsaya cak, har gari ya waye, sannan komai ya dawo daidai. Na kalli lambobin nan kallo ɗaya na yanke hukunci, irin yadda na saba yi a shago: ruwa na fara zuba cokali yana kaɗawa da sauri, kodin ɗin yarinyar nan yana riƙe allon, komai ya daskare. Na tuna layi biyun da ta ƙara na jira, na ce ga ɓarawon nan.

Da a ce na kira ta gefe na faɗa mata, da abin ya zo da sauƙi. A gaban aji na faɗa, ina tsaye ina buga tebur da biro.

“Ke kika ɓata wa kowa aikinsa. 'Yan iska sun yi nasu, 'yan zafi sun yi nasu, naki ne yake kashe na'urar. Wa ya ce ki ƙara abin da ban koya miki ba? In ba ki iya ba, ai sai ki ce ba ki iya ba.”

Ta naɗe tef ɗin babanta a hankali ta sa a jaka. Rediyo ya ce ashe ma'aunin fari ta haɗa mana, aji ya kwashe da dariya, ni kuma ban hana su ba. Wannan rashin hanawar har yau yana damuna.

Ta daina zuwa ɗakin da lokacin hutu. In darasi ne tana shigowa ta zauna a gefen tagarta, ba ta taɓa kwamfuta. Na ɗauka fushin yara ne, zai wuce. Sai ranar Juma'a, bayan kowa ya fita, na ga ta tsaya a bakin teburina da littafin rubutu. Ashe duk kwanakin nan tana kwafar lambobin da muke mannawa a bango, layi bayan layi, da jan biro da shuɗi.

“Malam, in na'ura ta daskare ai ba ta rubuta lokaci. Wannan tana rubutawa, duk minti goma. Kuma zafin ba tsayawa ya yi ba, ga shi nan, yana ɗan sauka kaɗan kaɗan.” Ta juya shafi. “Ran Litinin na duba agogon shagon Baba, ƙarfe huɗu da rabi ruwa ya fara. Ita kuma tun huɗu da minti goma iska ta koma sifili. Ruwa bai zuba ba, yaya nawa aikin zai tsayar da ita?”

Tambaya ce mai kyau, kuma a cikina na san mai kyau ce. Amma na riga na yi magana a gaban yara arba'in, kuma ni ne malami. Na ce mata ruwa ba ya sauka lokaci ɗaya a ko'ina, agogon shago kuma ba abin dogaro ba ne, ta je ta cire layukan nan biyu kawai. Shagon babanta fa daga katangar makaranta ana hango shi. Ta rufe littafinta, ta ce to, ta fita.

Ranar Talata a ofishin malamai mataimakin shugaba, wanda yake karɓar fom, ya ce mini cikin hira 'yar telan nan tawa ta kawo nata tun jiya, kasuwanci ta zaɓa. Ya ce ya yi mamaki, don shi ya ɗauka ta zama tawa. Ranar Juma'a da tashi zai rufe ya aika da sunaye. Na ce masa kowa da ra'ayinsa, na ci gaba da shan shayina, amma shayin ya daina shiga. A cikin yara arba'in ɗin nan, in za a ce in zaɓi ɗaya da aka haifa don wannan aikin, ita ce. Na sani, kuma duk da haka ban tashi na neme ta ba.

Ranar Alhamis na tsaya bayan an tashi. Mako mai zuwa iyaye za su zo ganin aikin yara, na ƙudura gara in nuna musu na'ura mai abu uku da ke aiki da in nuna mai huɗu da ke mutuwa. Na ɗauki sukudireba na fita filin baya don in cire ma'aunin ruwan gaba ɗaya. Na kwance ƙusa ɗaya, na zare wayarsa. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa farfelar yara. Sai na ji takun silifa a bayana.

“Malam, matsa mini, hadari ya taso.”

Inna ce, ta ɗaura ɗankwalinta a ƙugu, ta riga ta kama ƙafa ɗaya ta mazaunin.

“Me za ki yi da ita, Inna?”

“Shigar da ita zan yi mana. Kullum ai ni nake shigar muku.”

Na tsaya da sukudireba a hannu kamar wanda aka dasa. Ita kuwa ta ci gaba da bayani tana gyara riƙo, ko a jikinta. Ta ce ranar da ta ji ina yi wa yaron nan faɗa a kan ruwa, ta riƙe maganar. Da ta ga mun fito da abin mun kafa a fili mun tafi gida mun bar shi, sai ta ce yara ne da mantuwa, malaminsu kuma abubuwa sun yi masa yawa. Don haka duk sanda ta ga hadari sai ta rungumo shi ta kai ƙarƙashin matakala, ta lulluɓe da tsohon zani. Da asuba kafin ta fara shara ta fito da shi, ta mayar da kowace ƙafa cikin raminta don kada mu ga an taɓa mana kaya mu ji haushi. Ta ce ran Asabar ma da ta tsaya ɗaukarsa, wankinta duka ruwa ya dake shi a igiya, amma ba komai, wanki ai yana bushewa.

Mazaunin nan da batirinsa, ni kaina sai na yi nishi nake ɗaga shi. Tsohuwar nan ta girmi mahaifiyata. Sau uku tana jan shi taku hamsin cikin iska, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya gode mata, don kawai ta ji na ce babu wani. Na ji faɗan ya taso mini, don shi ne abin da ya fi saurin zuwa, amma a karon nan hankalina ya riga bakina. Wa zan yi wa faɗan? Maganata ta bi, kalma da kalma. Na ce mata, “Inna, Allah Ya saka miki da alheri, Ya raba ki da wahala.” Ta dube ni ta ce lafiya kuwa.

Na yi mata bayani cewa allon yana cikin akwati a toshe, shi kuwa mazurarin nan don ruwa aka yi shi, in bai jiƙa ba bai yi aikinsa ba. Ba ta gamsu ba. Ta ce mu 'yan boko ba a gane mana, jiya ruwa kashe abu yake yi, yau kuma abincinsa ne. Na mayar da wayar da na zare, na ɗaure ƙusar, ɗigon farko yana faɗo mini a wuya. Muka gudu baranda muka tsaya. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, farfela tana juyawa har ba a ganinta, Inna tana ta salati tana cewa in ya lalace dai ita ba ruwanta, ta faɗa. Sau biyu tana yunƙurin fita ina tare ta.

Da ruwan ya ɗauke na ciro memori na shiga ɗaki da jiƙaƙƙen takalmi. Zafi ya faɗo daga talatin da uku zuwa ashirin da biyu. Iska ta hau ta sauka. A layin ruwa kuwa, uku, goma sha ɗaya, goma sha tara, tara, biyar. Arba'in da bakwai cif, ba a tsallake ko ɗaya ba, ba a daskare ba. Sannan na koma kan tsofaffin lambobin na karanta su yadda ya kamata in karanta tun farko. Ashirin da takwas ɗin nan da ke sauka a hankali, zafin ƙarƙashin matakala ne. Duk abin da yarinyar nan ta nuna mini a littafinta yana nan, ita da jan biro ta gani, ni da shekaruna goma sha ɗaya ban gani ba. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Na kwafe layukan a takarda na zagaya bayan makaranta ina tsallake taɓo. Shagon telan ɗan ƙarami ne, keke biyu, teburin yanka, yadi a jere har rufi. Shi yana kan keke, tef a wuya, ita tana can ciki a kan benci tana sa maɓalli. Da ya gane ni ya miƙe ya kawar da tarin kaya daga kujera, muka gaisa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni ban rage komai ba, har da dariyar da ban hana ba. Ya ce ashe shi ya sa. Ya ce kwanakin baya ta ishe su da labarin cokali da maganaɗisu har uwarta ta ce a bar su su ci abinci, sai kuma rana ɗaya ta yi ɗif, ta mayar masa da tef ɗinsa. Ya tambaye ta ta ce ba komai. Sannan ya ce amma ni malami ne, in na yi faɗa gyara ne, bai kamata in taso cikin taɓo don in ba yarinya haƙuri ba. Na ce masa wannan karon ba gyara na yi ba, ɓarna na yi.

Na miƙa mata takardar. Ta soke allurar a gefen mayafinta ta karɓa. Ta daɗe tana dubawa, leɓenta yana motsi, na gane tana mayar da arba'in da bakwai ɗin zuwa milimita a ka. Na ba ta labarin Inna da matakala da tsohon zani. Na ga dariya ta zo mata har baki, ta danne. Na ce mata aikinta daidai ne tun ranar farko, layukan nan biyu kuma su ne abu mafi kyau da wani ya rubuta a ɗakina, ta yi haƙuri.

Ba ta ɗago ba. Ta ninke takardar gida biyu, ta ce a hankali, “A gaban aji aka faɗa, Malam.”

Babanta ya ce ke, wace irin magana ce wannan. Na ce ya ƙyale ta, gaskiyarta ce. Maganar fom tana bakina, ina so in ce gobe ne fa ake rufewa, amma na ga ba ni da bakin roƙonta komai tukuna. Na yi musu sallama na tafi.

Darasinmu na Juma'a shi ne na biyu da safe. Na rubuta lambobin jiya a allo, na sa aka kira Inna, ta zo tana goge hannu a zani tana tambaya ko abin ya lalace ne. Na ba yara labarin duka. Suka yi dariya har wasu na kwanciya a tebur, Inna ma tana yi, tana cewa ai malaminku ne ya tsorata ni. Na sa suka miƙe suka gode mata, don a makarantar nan kaf babu wanda ya kula da na'urarmu kamar ita. Da ta fita na jira ajin ya lafa.

“Ranar nan a nan na tsaya na ce 'Yar Tela ta ɓata muku aiki. Ba ta ɓata ba. Ni ne ban karanta lambobin ba, ita ta karanta, ta kawo mini, na kore ta. Na ce ba ta iya ba, alhali ta fi ni gani. Kun yi mata dariya ne don ni na buɗe muku ƙofa. Ina ba ta haƙuri a gabanku.”

Rediyo ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro, can ya juya wajen taga ya ce shi ma a yafe masa maganar fari. Ita kuwa tana kallon teburinta. Aka buga ƙararrawa ta fita tare da kowa. Da hutu na zauna a ɗakin na bar ƙofa a buɗe, 'yan iska suka zo, 'yan zafi suka zo, ita ba ta zo ba. Na ce wa kaina na yi abin da ya kamata, amma na makara, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Da aka tashi na kasa tafiya gida. Na yi ta zagaya baranda, daga baya na shiga ofishin mataimaki, na same shi yana jera fom cikin ambulan. Ban san yadda zan tambaya ba, sai na tsaya ina yi masa maganar fankar ofishinsa da ke ƙara. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in daina wahalar da fanka, ya san abin da ya kawo ni. Ya ce da hutu ta zo ta ce a ba ta fom ɗinta. Ya faɗa mata wanda zai canza sai ya rubuta dalili a ƙasa, doka ce. Ya zaro takardar ya miƙo mini.

Ta ja layi ɗaya a kan kasuwanci, da rula, a miƙe. A samansa ta rubuta kwamfuta. A wurin dalili kuwa, inda aka bar layi huɗu, kalma uku ta rubuta: “Aikina daidai ne.”

Na karanta, na sake karantawa. Ba ta ce Malam ya ba ni haƙuri ba, ba ta ambace ni ba ma sam, kuma wannan ne ya fi yi mini daɗi, don abin da na kusa ƙwace mata ke nan, ta riƙe abinta. Na gode wa Allah, na gode wa yarinyar nan da ba ta bar bakina ya yanke mata hanya ba. Mataimaki ya ce in na gama in ba shi, yana so ya liƙe ambulan. Na ce ya ɗan ba ni minti ɗaya, na jawo kujera na zauna.